Kafin Motar Shanu Ta Tashi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga mahaifinka Ummaru, wanda mutanen kasuwa ke kira Saje, zuwa ga ɗana Bello.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa na fari, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko kana kan hanya ko ka riga ka sauka wurin baffanka Shehu. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya kai ku lafiya, kai da abokan tafiyarka da dabbobin da aka ba ku amana.

Ka san ni da magana ba ma shiri. In na buɗe baki da nufin nasiha, faɗa ke fita. Shi ya sa na sayo takarda na zauna. Boko a bariki na koye shi, da girmana, don haka in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri. Na ba innarka ta sa maka a jaka, na ce kada ta nuna maka sai mota ta ɗaga. Labarin gida babu wanda zan ba ka, daga cikinsa ka fito. Abin da nake so ka tafi da shi kurakuraina ne. Mutane sun ba ka labarin jarumtakata har ka gaji, saura wanda ni kaɗai zan iya ba ka.

Zan fara da ranar da na bar gida, tunda kai ma barin gida za ka yi.

Kakanka Baba Ige barunje ne ɗan barunje, teburinsa yana daidai inda namu yake yanzu a kasuwar Mafara. Tun ina ɗan shekara sha biyar nake saɓa cinyar sa a kafaɗa daga mahauta har tebur ban sauke ba, mutane suna tsayawa kallo. Ina son aikin a lokacin. Ban san akwai abin kunya a cikinsa ba sai da muka je wani suna a Bakura. An kawo tuwo, mun kewaye akushi, na miƙa hannu, sai wani saurayi ya janye akushin, ya ce a ba barunje ruwa ya ƙara wanke hannu, ƙarni bai fita ba. Aka yi dariya. Ba wata babbar magana ba ce, yau da za a gaya mini haka dariya zan yi in ci tuwona. Amma a lokacin ta shige ni ta zauna. Na dawo gida ina jin warin jikina, ina jin haushin wuƙa, ina jin haushin uban da ya haife ni cikin sana'ar.

Ana cikin haka yaƙin basasa ya tashi, aka ce ana ɗaukar soja a Gusau. Lokacin na auri innarka, kai kuma kana da wata bakwai, ka fara rarrafe. Wata Talata da la'asar, kasuwa ta fara watsewa, Baba ya ce in wanke tebur in kwashe fatu. Na ce ba zan ƙara taɓawa ba, na gaji da aikin ƙazanta. A gaban rundawa 'yan'uwansa na faɗa. Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "To aje wuƙar, kada ka yanke." Na ajiye. Motar Gusau na lodi a bakin kasuwa, na je na hau da rigar da ke jikina. Ban shiga gida ba, ban yi wa innarka sallama ba, ban ɗauke ka ba. Daga baya aka gaya mini tsohon da kansa ya wanke teburin.

Mutane suna cewa kishin ƙasa ne ya kai ni soja. Akushin tuwo ne ya kai ni. Baba ya rasu ina can, takardar rasuwarsa ta same ni an daɗe da yin sadakar arba'in. Magana ta ƙarshe da ya ji daga bakina ita ce aikinsa ƙazanta ne, aikin da ya ciyar da ni da shi.

Saboda haka, Bello, duk inda za ka bari, ko cikin fushi ne, ka tsaya ka yi sallama. In kun saɓa da baffanka a can, kuma za ku saɓa don na san halinsa, kada ka tattara kaya ka fice. Ka bari gari ya waye, ka gaishe shi, ka gaya masa za ka tafi. Kuma duk wanda ya tambaye ka asalinka, ka ce kai barunje ne daga Mafara, ka faɗa kana kallon idonsa.

Yanzu maganar lambar. Ka girma kana ganinta a gwangwanin nan na cikin adakar innarka. Ga yadda aka yi na same ta.

A shekara ta biyu ta yaƙi, cikin damina, aka tura ƙungiyarmu ta tsallake wani kogi. Sunansa ya ɓace mini, ko kuma ban taɓa iya faɗarsa daidai ba. An karya gada, ruwa ya kai ƙirji, yana gudu kamar gulbinmu in ya kawo. Ina tare da wani Buba, Bafulatani daga Damaga. A jirgin ƙasa muka haɗu ranar da aka kwashe mu zuwa Kudu. Ya ji harshena ya ce kai ɗan Mafara ne, daga nan ba mu ƙara rabuwa ba. Siriri ne, ba shi da yawan magana sai in an taɓo shanu. Yakan kira sunayen shanun gidansu ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran ƙannensa. Yakan yi mini ba'a ya ce shi ke kiwo ni ke yankawa, don haka ni ne abokin gabansa na gaskiya, ba mutanen tsallake ba.

Da hantsi rabinmu sun tsallaka, sai wuta ta buɗe daga cikin kurmi. Waɗanda suka tsallaka aka fi samu. Aka ba da umarni a ja da baya, masu ƙafa suka faɗo ruwa suka dawo, aka bar waɗanda aka raunata kwance a waccan gaɓar suna kira. Ba a ce kowa ya koma ba. Ni dai na ji wani yana kiran innarsa da Hausa, ban san lokacin da na ajiye bindiga ba. Buba ya riƙe hannuna, ya ce in na shiga haka ruwa zai tafi da ni da wanda na ɗauko. Ya kwanto igiya daga motar kaya, ya ɗaura gefe ɗaya a bishiya, ɗaya a ƙugunsa, ya yi iyo ya tsallaka. Can babu abin ɗaurawa kusa, sai ya kwanta a bayan wasu ɓaraguzan gada, ya naɗe igiyar a jikinsa, ya tokare ƙafa.

Na bi igiyar. In na kai sai in saɓa mutum a kafaɗa yadda nake saɓa cinyar sa, nauyi a kan wuya, hannu ɗaya a kan igiya. Aikin da na kira ƙazanta shi ya koya wa kafaɗata wannan. Sau shida na je na dawo. A zuwa na shida na ce masa babu saura, ya taso ya biyo ni. Ya ce in kai wannan tukuna, igiya ba ta riƙe kanta. Da na sauke na shidan na juyo, igiyar ta saki, tana yawo a kan ruwa.

Sai washegari muka sami gawarsa. An harbe shi a ciki. Jinin da ya kwanta a wurin ya nuna ya daɗe da raunin yana riƙe da igiyar, ni kuma ina zuwa ina dawowa a gabansa ban lura ba.

Hafsanmu daga wannan gaɓar yake kallo. Ni ya gani ina shiga ina fita, Buba kuwa ɓaraguzai sun kare shi. Ya rubuta sunana. Da aka kira ni aka tambaye ni yadda aka yi, na ba da labari, na ce akwai igiya. Ban ce ga wanda ya riƙe ta ba. Ba mantawa na yi ba, Bello. Na ga yadda hafsan ke dubana, ban taɓa samun wani babba ya dube ni haka ba tun da nake, sai na ji ba na so a raba duban nan biyu. Ranar fareti aka buga badujala, aka maƙala mini lamba a ƙirji, aka ƙara mini igiya a hannun riga, na zama saje.

Ban ce ban yi komai ba. Na shiga ruwan, kuma da za a sake, zan sake shiga. Amma aikin mutum biyu ne na karɓi yabonsa ni kaɗai, kuma na biyun ba shi da bakin da zai ce a'a. A kasuwar kara za ka ga irin wannan kullum. Za a yabi wanda ya iya ciniki ya sayar da sa, a manta da wanda ya tsaya cikin tirela kwana biyu yana tayar da dabbar da ta faɗi don kada a tattake ta. In an yabe ka, kafin ka ce na gode, ka faɗi sunan wanda ya riƙe maka.

Bayan yaƙi na ƙara shekaru a bariki kafin a sallame ni. Duk hutun da na zo sai in ce wannan karon zan je Damaga in ga iyayen Buba. Ba tafiyar da za ta gagari mutum ba ce, rundawa na zuwa can sayen dabbobi kusan kowane mako. Sai da na shekara tara ban je ba. Tsoro nake ji. Ni mai lambar jarumta, tsoron tsofaffi biyu.

Ranar da na je, a kan keke, na sami innarsa, Inna Tumba, zaune a inuwa tana kaɗa nono. Idonta ya fara rauni. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi gida da kasuwa da ruwa, ta sa aka dama mini fura, duk ba ta san ko ni wane ne ba. Sannan na ce ni abokin Buba ne. Ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce su takarda kawai aka kawo musu, aka karanta, aka ce ya rasu. Mahaifinsa ya yi ta tare duk sojan da ya gani a kasuwar Maradun yana tambaya ko ya san yadda ɗansa ya ƙare, har ya rasu bara waccan bai sami mai gaya masa ba. Akwai ma masu cewa gudu Buba ya yi aka harbe shi ta baya, tunda an san shi da sanyin hali. Tsohon ya tafi da wannan magana a ransa.

Na ba ta labarin duka, har da shirun da na yi a gaban hafsa. Na fito da lambar na ajiye a gabanta, na ce tasa ce. Ta laluba ta da yatsu, ta jujjuya, ta miƙo mini. Ta ce, "Mi zan yi da ƙarhe, ɗana? Tashi ka tahi gindin tsamiyar can inda maza ka zama, ka hwaɗa musu abin da ka hwaɗa min. Ka ɗaga murya, wasunsu ba su ji sosai."

Na je na faɗa. Na tsaya a gaban dattawan Damaga na faɗa tun daga igiya har gawa. Da na gama, sai wani tsoho ya ce da na zo bara waccan. Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ya ishe ni.

In an ba ka saƙo, ko ka ga abin da wani ke da haƙƙin ya sani, ka kai shi da ɗuminsa. Za ka zauna cikin 'yan ƙasarmu a can, wani zai yi ciwo, wani zai rasu, Allah Ya kiyaye. In kai ne kusa, kai ne mai kawo labari gida. Kada ka jira sai ka sami kalmomi masu daɗi. Na jira su shekara tara, babu su.

Za ka zaci Damaga ta gyara ni. Gefe ɗaya ta gyara.

A shekarar nan aka sallame ni na dawo gida gaba ɗaya. Aikin dam na Bakolori yana kan ganiyarsa, katafiloli na ture ƙasa, manyan motoci na kai da kawowa, kowa na neman aiki. Baffanka Shehu ne ya riƙe tebur bayan Baba, ya ce in zo mu haɗu. Na ce saje ba ya komawa fiɗa. Wato har lokacin maganar Bakura ba ta sake ni ba. Na maƙala lambata na je wurin aikin, suka ga lamba suka ba ni shugabancin masu gadin wata ƙofa, da kaki da hula da sanda.

Ka san Kawu Nahantsi na Dosara, ƙanen innata. Abin da ba ka sani ba, shi ya riƙe ku da hatsi, kai da innarka, duk shekarun da nake soja. Duk kaka sai ya aiko da damman dawa a kan jaki, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Gonarsa ta fadama, wadda ya gada, ta shiga cikin aikin. Damina ta zo ta wuce bai shuka ba, bai kuma san inda zai shuka ba. Wata safiya manoma suka taru a ƙofar da nake gadi, suna so su ga manya su yi magana. Ba su zo da komai ba sai sandunan tafiya. Ni kuma an ba ni umarni kada kowa ya shiga. Kawu ya fito daga cikinsu ya matso. Shi babba, shi ya fara gaishe ni, ya tambayi innarka, ya tambaye ka. Ya ce ba da ƙarfi suke so su shiga ba, in dai shiga in gaya wa na ciki cewa dattawa na waje cikin rana, ko mutum uku a bari su shigo.

Da na so, da na iya. Ba a hana ni kai saƙo ba, an ce kada su shiga ne kawai. Amma ƙananan masu gadi na kallona, ga lamba a ƙirji. Na ɗaga sanda na tokare ƙirjinsa, na daka masa tsawa irin ta fareti na ce ya ja baya. Ya ja da baya, hularsa ta faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka ya kakkaɓe. Ya ce, "Ummaru, wanga ƙarhe na ƙirjinka, don ɗaukar mutane aka ba ka shi, ko don ture su?" Ya juya ya koma cikin 'yan'uwansa. Suka zauna a rana har azahar. Babu wanda ya fito, babu kuma wanda ya shiga ya faɗa.

Abin da ya biyo baya a ƙasar nan a kan maganar gonaki ka ji shi a bakin mutane, gidaje da yawa har yau ba su warke ba, ba zan sa shi a takarda ba. Ba na wurin, na riga na ajiye aikin. Ban ce da na kai saƙon Kawu da wani abu ya canza ba, ni mai gadi ne kawai. Amma ban kai ba, wannan kam nawa ne.

Innarka ce ta sa na ajiye. Da labari ya iso gida ba ta yi mini faɗa ba. Ta kawo tuwo ta ajiye, ta ce in ci a hankali, dawar Kawu ce ta ƙarshe da ta rage a rumbu. Na kasa kai loma. Washegari na mayar da kaki da sanda, na je wurin Shehu na ce ya ba ni wuƙa. Hannuna ya manta fiɗa, fata uku na huda a makon farko, rundawa na dariya suna cewa a ba Saje hanya. Na bar su suka yi, haƙƙinsu ne. Dawowata ce ma ta ba Shehu damar fara bin motar shanu zuwa Kudu, har ya zauna can.

Kawu kuwa shekara biyu bai amsa gaisuwata ba. Duk Jumma'a in an sauko ina hawa keke in je Dosara da tsoka a naɗe, in yi sallama, a karɓi naman, a ce ba ya nan, alhali ina hango takalmansa a bakin ɗaki. Ban fasa ba. Da aka ba shi ɗan fili a noman rani, ƙarfinsa ya riga ya ja baya, ga shi bai saba da ruwan magudana ba. Ban nemi izini ba, na tuɓe riga na shiga dashen albasa. Yana wannan fangali ina wancan, kwana huɗu babu magana. A rana ta biyar ya ce ina dasawa kusa da kusa, ba za ta yi kai ba, in ba ta tazara. Maganarsa ta farko ke nan, daga ita muka ɗora.

Kai ma za a ba ka ƙofa wata rana, ko ta mota, ko ta garke, ko ta wani babba a kara. Ka bi umarni, ban ce ka yi taurin kai ba. Amma ka duba iyakar abin da aka umarce ka, kada ka ƙara naka a kai don a ce kana da zafi. In kuma ka yi wa mutum laifi, ka je, ka sake zuwa, kada ka ƙidaya zuwan.

Kai ma na yi maka nawa. Na dawo na same ka ɗan shekara goma, na mai da gida bariki. Tsayuwarka ba ta yi mini ba, tafiyarka ba ta yi mini ba. Ranar da ka fara feɗe rago kai kaɗai, fatar ta fita babu huji ko ɗaya, na juya ta ciki da baya ina neman aibi, da na rasa sai na ce ka daɗe. To ka ji yau: ka fi ni hannu, ka kuma fi ni haƙuri da mutane. Tun lokacin na sani. In Allah Ya ba ka na ƙasa da kai, ka faɗa musu irin wannan tun suna tsaye a gabanka, kada sai a takarda.

Saura ɗaya. Ita ce ta sa na hana ka tafiyar nan wata biyar, tun ranar da Shehu ya aiko daga ƙasar Ibo ya ce kasuwa ta buɗe masa, yana so ka je ka zauna da shi. Na ce maka hanya ba kyau, na ce mutanen can ba su manta ba, har na ce in ka tafi ba da yawuna ba. Na ga yadda ka tashi daga gabana ranar, washegari kuma ka riga ni zuwa mahauta. Na janye wannan magana, Allah ne shaida. Da yawuna za ka tafi. Ba mutanen can ne ba su manta ba, ni ne.

Dab da ƙarshen yaƙi muka shiga wani ƙauye. Yunwa ta gama da wurin, yaran da muka gani ba zan kwatanta maka su ba. Mu ma abincinmu ya yanke kwana uku, mota ba ta iso ba. Tunda an san ni barunje ne, duk abin yanka ni ake nema. Wani cikinmu ya ji kukan akuya a bayan wani ɗaki. Muka zagaya muka tarar wata tsohuwa ta ɓoye ta a rami, ta rufe da ganyen ayaba, ta ɗaure mata baki da tsumma, tsumman ne ya kwance. Akuyar na da nono. A cikin ɗakin akwai yara biyu ƙanana kwance a tabarma, ina zaton jikokinta ne, ban ga uwa ko uba ba.

Babu wanda ya umarce ni. Ni ne babba a wurin, da igiyata uku. Da na ce a bari, da an bari. Na ga hantsar akuyar, ni da na san dabba, na san abin da ake yi da nonon a gidan nan. Na jawo ta waje, na fuskantar da ita alƙibla, na yi bisimilla na yanka. Bisimilla, Bello, a kan abin da na ƙwace.

Tsohuwar ba ta yi kuka ba, ba ta zage mu ba. Ta biyo ni ta tsaya a kaina har na gama fiɗa. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da 'yar tukunya, ta miƙo da hannu biyu tana nuna kayan ciki da ƙafafu. Roƙona take yi, daga cikin akuyarta. Na zuba mata. Ta ɗan rusuna ta faɗi wata kalma. Na riƙe kalmar a kaina, bayan yaƙi na tambayi wani ɗan ƙasar da muka zauna bariki ɗaya, ya ce godiya ce.

Washegari muka wuce. Ban san abin da ya sami yaran ba. Shidan da na fitar daga ruwa kowa ya sani. Biyun nan babu wanda ya sani sai ni da Allah, sai kai yau. Ko innarka ban gaya wa ba.

To ƙasar da za ka ke nan. Baƙo za ka je, ka je da ladabin baƙo. Kada ka ba da labarin yaƙin ubanka a can, ko 'yan'uwanmu sun tsokano, don wanda ke sayen sa a hannunka wataƙila nasa uban yana cikin kurmin nan ranar. Kada ka kira su da sunan nan da muke kiransu a nan, ba sa so. Ka koyi gaisuwarsu kafin ka koyi cinikinsu. Kada ka sayar wa mutum dabba mai ciwo ka ce lafiyarta lau don ka ga ba ya jin Hausa. Shanunku kada su shiga gonar rogon kowa, in kuwa sun shiga, kai ka riga mai gona zuwa. Sallarka a kan lokaci, ko a bakin titi ne.

Sannan ga aikena, roƙo ne ba umarni ba. A motar da kuka hau akwai jar akuya da ɗanta, wadda na sayo a Maradun makon jiya, ka tambaye ni me zan yi da ita na ce ba ruwanka. Na yi magana da direba, an ɗaure ta inda shanu ba za su taka ta ba. Ka kula da ruwanta a hanya. In ka sauka ka huta, ka tambayi matan da ke zuwa kara, cikin natsuwa, ko akwai tsohuwa mai riƙon marayu a kusa. Ba za a rasa ba. Ka kai mata da hannunka. In ta tambayi dalili, ka ce wani tsoho ne daga Arewa ya aiko, ya taɓa cin abinci a ƙasarsu. Kada ka ƙara komai.

Na san wannan ba za ta maye waccan ba, ban kuma aika don in ce na fita ba, wannan tsakanina ne da Ubangijina. Ƙafata ba za ta kai ni can ba, taka za ta kai. Hannun gidanmu ya taɓa shiga ƙasar nan ya ɗauka, ina so wannan karon ya shiga yana miƙawa. Ka rubuto mini ko ta karɓa. In ta ƙi, ka gode mata ka nemi wata. Kada ka sayar, kada ka yanka, kada ka dawo da ita.

Mu nan muna lafiya, kada ka sa damuwarmu a ranka. Ina kan tebur har inda ƙarfi ya tsaya, innarka kuma tana hannuna, zan kula da ita fiye da da. Ka gai da baffanka da iyalinsa da duk 'yan ƙasarmu da ke can.

Allah Ya yi maka albarka, Bello. Ya sa ka sauka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya tsare hannunka daga haƙƙin kowa, Ya tsare ka daga hannun kowa. Ya sa mu gana da alheri, in kuma bai ƙaddara ba, na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Ummaru.